Daga Zauren Shaihu Umar Zuwa Fadar Shayi: Wa Ke Jan Ragamar Hirar Littafi?

Duk wanda ya ji an ambaci kulob ɗin masu karatu yakan ɗauka wata al'ada ce da aka kwaso daga Turai ko Amurka, inda mutum goma ko goma sha biyu kan zaɓi littafi guda, kowa ya karanta a gida, ranar da aka tsayar su haɗu su baje shi a faifai. Sunan dai baƙo ne, babu musu. Amma zaman kansa, wato mutane su kewaye littafi ɗaya, wani ya karanta, saura su saurara, a ƙarshe a yi ta ja-in-ja a kan abin da aka ji, ya girmi kakannin yawancinmu a ƙasar Hausa. Wanda bai samu kulawa ba a tarihin adabinmu shi ne mutumin da ke zaune a tsakiyar wannan da'ira. An rubuta tarihin marubuta, an rubuta na kamfanonin ɗab'i, amma ba a cika tambayar wa ke jan ragamar hirar da ke biyo bayan karatu ba, balle yadda ya riƙe ta.

Ina ganin lokacin wannan tambaya ya yi, musamman a nan Nijar. A watan Maris na 2025 kundin da ya maye gurbin tsarin mulki ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Doka tana iya ɗaga darajar harshe a takarda, amma ba ta haihuwar masu karatu. Masu karatu a zama ake yin su. Tarihin shekara casa'in na ƙagaggen labarin Hausa kuwa ya nuna abu guda a fili: inda jagoran zama ya riƙe tambaya, an samu mutane masu tunani, inda ya riƙe hukunci, ko dai zaman ya watse, ko littafin ya ƙare a wuta.

Littattafan farko da masu sauraronsu suka zo

Kafin boko, Bahaushe yana da zama iri biyu da ake jin magana mai tsawo. Na farko zauren malam, inda almajiri kan ja baƙi daga Ahalari ko Ishmawi ko Risala, malam ya fassara masa da Hausa kalma bayan kalma. A nan tambaya daga ƙasa take tashi, amsa ta sauko daga buzu, kuma in ta sauko magana ta ƙare. Na biyu tatsuniyar dare a ɗakin kaka, inda ba a fara labari sai masu sauraro sun amsa sun ce ta zo su ji ta, kuma yaro yana da damar katse magana ya ce Gizo bai kyauta ba. Zama na farko yana da littafi amma ba ya son gardama. Na biyu yana da gardama amma ba shi da littafi.

A 1933 wani Baturen ilimi, Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Talifi a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Shi da kansa ya ba da labarin wahalar da ya sha wajen shawo kan malamai, domin a ganinsu alƙalami na ilimi ne, ƙirƙirar labari kuwa aikin mata da yara. Daga wannan gasa aka buga littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Imam da Bello Kagara da Tafawa Ɓalewa duk malaman makaranta ne a lokacin, kuma Imam da Tafawa Ɓalewa a kwalejin horar da malamai ta Katsina suka yi karatu. Kenan tun daga tushe, ƙagaggen labarin Hausa a hannun malaman makaranta ya tashi.

Abin lura shi ne yadda suka gina littattafan. Shaihu Umar ya buɗe ne da malami zaune cikin almajiransa, suka tambaye shi asalinsa, sannan ya kwashe labarin rayuwarsa ya ba su: yadda aka sace shi yana yaro, yadda ya ƙetare Sahara a hannun Balarabe, yadda mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ta faɗa bauta. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam baki da baki yake ba da labarin yawonsa ga wanda ya zo ji. A Magana Jari Ce, wanda aka buga juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939, aku ne ke zuba labarai ɗan sarki yana saurare. Marubutan sun san cewa a kowane gari masu iya karatun boko ƴan kaɗan ne, don haka littafi ɗaya kunnuwa da yawa za su ji shi. Sai suka saka masu sauraro a cikin labarin tun daga shafin farko. Haka ma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 Imam yana editanta: kwafi ɗaya yakan zagaya, mai boko ya karanta da ƙarfi a ƙofar gida, jama'a su tofa albarkacin bakinsu.

Jagoran farko ke nan: mai iya karatu. Ikonsa babba ne, domin shi kaɗai ke ganin abin da ke takarda. Yana iya tsallake shafi, yana iya ƙara gishiri, ba wanda zai kama shi. Littafin Tafawa Ɓalewa kuma ya bar wani darasi da ba a cika lura da shi ba: da almajiran Shaihu ba su yi tambaya ba, da babu labari.

Bauchi: tambayar da ta rufe majalisa

Shekara goma bayan gasar East, irin waɗannan malamai suka matsa daga karatu zuwa muhawara. A Zariya Sa'adu Zungur ya tara ƴan boko a wata ƙungiyar adabi da tattaunawa. A Bauchi kuma, a farkon shekarun 1940, aka kafa majalisar muhawara da amincewar Turawan mulki, wadda ta haɗa malaman Midil, ma'aikatan En'e da jami'an Turawa. A cikinta akwai Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano wanda ke koyarwa a Midil ta Bauchi, da marubucin Shaihu Umar kansa. Ba ƙagaggun labarai suke tattaunawa ba, batutuwan mulki da ci gaban ƙasa ne. Amma tsarin zaman shi ne wanda kowane kulob ɗin karatu ke bi har yau: a sa rana, a tsayar da batu tun kafin ranar, a naɗa mai ba da damar magana.

Matsalar tana wurin kujerar shugaba. Baturen mulki ne ke kanta, kuma yana son muhawara ne matuƙar ba ta taɓa inda yake tsaye ba. Da aka zo kan mulkin da Turawa ke yi ta hannun sarakuna, Zungur da Aminu Kano suka riƙa faɗin abin da ba a saba ji ba. Wata rana Aminu Kano ya jefa tambaya a kan abin da ake dubawa wajen yanke albashin sarki. Ba a daɗe ba aka naɗe tabarmar majalisar. Sai dai an riga an ɗanɗana zuma. Mutanen suka ci gaba da haɗuwa a ƙungiyoyin da suka kafa da kansu, kuma daga irin waɗannan zama na Bauchi da Zariya da Kano da Sakkwato aka samu waɗanda suka kafa jam'iyyun Arewa, har da NEPU a Kano a watan Agustan 1950.

Wannan tsoro ba na Bauchi kaɗai ba ne. A birnin Habana na ƙasar Kyuba, a 1865, masu naɗa taba sigari suka fara ɗaukar mutum guda ya riƙa karanta musu jaridu da littattafai da ƙarfi suna aiki, su suke biyansa daga aljihunsu. Shekara guda bayan haka hukumomin Sifen da ke mulkin tsibirin suka hana, domin sun lura ma'aikacin da ya ji labari yakan yi gardama a kansa, wanda ya saba gardama a kan labari kuwa gobe zai yi a kan ladansa. Darasin Bauchi da na Habana ɗaya ne: jagoran da ke da abin da yake karewa ba ya iya riƙe zama, domin duk tambaya mai kyau sai ta yi masa kama da hari.

Nijar: kunne ya riga ido

A wannan ɓangare na iyaka hanyar ta bambanta. Faransawa ba su kafa wata hukumar talifi da Hausa ba. Lakwal da Faransanci take, kuma yaron da aka kama yana Hausa a aji hukunci yake sha. Saboda haka lokacin da Zariya ke buga littattafai, Maraɗi da Damagaram da Tawa suna da masu jin Hausa ba iyaka amma babu abin karantawa da boko sai wanda ya tsallako daga kudu.

Abin da Nijar ta yi fice a kai wani ne daban. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Mutanen gari sukan taru a gaban akwatin rediyo guda su saurari shiri a kan noma ko lafiya ko al'ada, sannan wani da aka horar, sau da yawa malamin lakwal na garin, ya jagoranci tattaunawa. Yakan ɗauki muryoyin mutane a na'ura a aika Yamai, a gina shiri na gaba da su. Dubi yadda aka juya zauren malam: a nan mai ilimin boko aikinsa ya yi tambaya ya riƙe na'ura, manomi shi ke ba da amsa. Wannan horo ne da aka yi wa malaman Nijar a kan jagorancin tattaunawa, kuma gado ne da ya kamata makarantun horar da malamai su tono.

Rubutu ya biyo baya a hankali. Taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira, ya daidaita haruffan wasu harsunan Afirka ta Yamma har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. Daga baya cibiyoyin karatu da ake kira CLAC suka iso wasu garuruwa, ko da yake galibin abin da ke kan kantocinsu da Faransanci yake.

Ƙagaggen labarin da ya fi kowanne tayar da hira a kan tarihin wannan yanki shi ma da Faransanci aka rubuta shi: Sarauniya na Abdullahi Mamani, wanda ya fito a 1980. Yana ba da labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Bule da Shanuwan a watan Afrilun 1899, rundunar da ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni kafin shugabanninta biyu su mutu a hannun sojojinsu a watan Yulin shekarar, kusa da Maijirgi ta ƙasar Tasawa, a nan jihar Maraɗi. Med Hondo ya mayar da littafin fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Wagadugu a 1987. Takardun Faransawa kaɗan suka faɗa game da Sarauniya. Mamani ne ya ba ta murya da zuciya da dakaru masu suna. Yau ɗalibai da yawa suna ba da labarin littafin a matsayin tarihi tsantsa. Ga aikin jagora a fili: ya tambayi zama ina tarihi ya tsaya, ina alƙalamin marubuci ya ɗauka, kuma me ya sa ɗan Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku ya ga ƙasarsa tana bukatar irin wannan jaruma.

Kano: masu karatu sun yi yawa, alƙalai sun fi su ƙara

Babban sauyi ya zo a shekarun 1980. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da Nijeriya ta fara a 1976, da azuzuwan yaƙi da jahilci na jihar Kano, sun samar da dubban sababbin masu karatu, mata da yawa a cikinsu. A daidai lokacin tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Sai matasa suka fara buga littattafansu da kuɗinsu. Hafsatu Abdulwahid ta riga ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta fito da Budurwar Zuciya, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila. Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda shi ma ta ajin manya ya samu boko, ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Su biyun da Ɗan'azumi Baba suna cikin jagororin ƙungiyar Raina Kama, inda marubuta kan taru su duba rubutun juna kafin a kai maɗaba'a.

Littattafan sun bi hanyar da atamfa da goro ke bi: Kano zuwa Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, Maraɗi, daga nan su watsu a kasuwannin mako. Masu shagon haya suka riƙa ba da su kwana ɗaya ko biyu. Gidajen rediyo suka riƙa karanta su. A cikin gidaje kuwa, ƴar da ta yi makaranta takan karanta wa iyaye mata da matan maƙwabta bayan an gama aikin rana, a tsaya a yi musu a kan wace ce mai laifi tsakanin uwargida da amarya. Wannan shi ne kulob ɗin karatu mafi girma da ƙasar Hausa ta taɓa yi, ba shi da suna ba shi da rajista, kuma mata ne ke jagorantarsa.

A sama kuma wata hira daban ake yi. A shekarun 1990 shafukan jaridar Nasiha da New Nigerian suka cika da muhawara. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan sunan adabin kasuwar Kano, yana ganin ba za su yi ƙarko ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme da wasu suka shiga fage, kowa da matsayinsa. Wannan muhawara ta yi amfani, domin masu yin ta sun karanta abin da suke magana a kai. Wadda ba ta yi amfani ba ita ce ta waɗanda suka yanke hukunci daga bango. An zargi In Da So Da Ƙauna da koya wa ƴan mata faɗawa rijiya saboda abin da Sumayya ta yi a cikin labarin, kamar dai auren dole bai kai mata rijiya ba kafin a rubuta littafin. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta shirya ƙona littattafai a wata makarantar ƴan mata a Kano, Gwamna Ibrahim Shekarau yana wurin. Shekarar da ta biyo baya hukumar tace finafinai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista a wurinta.

Ba na cewa duk abin da aka buga a wancan zamani alheri ne. Akwai shirme, akwai batsa, akwai kwaikwayon finafinan Indiya ba tare da tunani ba. Amma wuta ba ta koya wa yarinya bambance littafi mai kyau da maras kyau. Tana koya mata ɓoye littafi a ƙarƙashin katifa. Da malaman makarantar nan sun zauna da ɗalibansu sun karanta guda ɗaya tare, sun tambaye su ina marubucin ya faɗi gaskiya ina ya yi ƙarya, da yaran sun fita da ma'aunin da zai yi musu aiki har tsufa. Abin mamaki kuma, shekara biyar bayan wutar, a 2012, wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi. Abin da aka raina a gida ya zama abin nazari a jami'o'in waje.

Abin da jagora zai ɗauka daga wannan tarihi

Na farko, kada a tattauna abin da ba a ji ba. A garin da kwafi ɗaya ne ake da shi, kuma rabin masu zama ba su karanta boko, babu laifi a koma tsarin 1939: a karanta babi da ƙarfi, sannan a buɗe hira. Sai dai karatun ya riƙa zagayawa tsakanin mutum biyu ko uku, don kada mai riƙe da littafi ya zama mai riƙe da gaskiya.

Na biyu, jagora ya zo da tambayar da shi kansa bai gama warware ta ba. Mu malamai mun saba da tambayar da amsarta ke cikin aljihunmu: wa ya rubuta, a wace shekara, mene ne jigo. Wannan jarrabawa ce, kuma babba ba ya barin aikinsa ya zo jarrabawa. Ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne. Alhaji Abdu ya wulaƙanta Rabi da ƴaƴanta tara, ya kore ta saboda Delu. Rabi ta tsaya da ƙafarta tana sayar da abinci. Dukiyarsa ta ƙone, aka taru a kanta ta koma. Tambayar jarrabawa ita ce wane darasi littafin ke koyarwa, kowa ya ce alhaki, a tashi. Tambayar zama ita ce: komawar Rabi nasara ce ko an sake cin ta da yaƙi? Wa ya amfana da haƙurinta? Da ƴarka ce, me za ka ce mata? A nan za ka ga dattijo da budurwa sun rabu, kowa da hujjarsa daga cikin littafin.

Haka Shaihu Umar. An saba karanta shi a matsayin labarin tawakkali. Amma mai jagoranci yana iya tambaya: me ya sa mahaifiyar Umar, wadda ta fi kowa shan wuya, ba ita ke ba da labarin ba? Yaya littafin ya ɗauki farautar bayi, laifi ne ko yanayin zamani? Wanda zai zama Firayim Ministan Nijeriya, me ya gani a wannan labari yana saurayi malamin makaranta?

Na uku, a mayar da kowace gardama cikin littafi. In wani ya ce Delu muguwa ce tun asali, a tambaye shi a wane wuri ya ga haka. Wannan ƴar tambaya ita ce ke raba tattaunawa da gulma, kuma ita ke ba yaro damar kayar da babba ba tare da rashin kunya ba, tunda shafi ne ya yi magana ba shi ba.

Na huɗu, jagora ya san al'adar wurinsa. A garuruwanmu ƙarami ba ya musu da babba a bainar jama'a, suruki ba ya sakin baki gaban surukinsa, mace takan yi shiru in maza sun yi yawa. In aka bar dattijo ya fara magana, zama ya ƙare, saura sai gyaɗa kai. Dabarar ita ce a fara da ƙanana, a ajiye manya a ƙarshe da sunan girmamawa, shi kuma jagora ya ajiye ra'ayinsa bayan na kowa, in ma ya faɗe shi. Inda ya kamata a raba zaman mata da na maza, a raba; shiru a zaman haɗaka bai fi magana a zaman rabe ba.

Ɗan Gulbi da makamantanta

Wani zai ce duk wannan zancen birni ne, a gari irin Ɗan Gulbi ina littafi ina lokaci. Amsar ita ce wuraren zaman suna nan, littafin ne kawai bai shiga ba. Tun farkon shekarun 1990 fada ta zama majalisar samarin Nijar, kuma kafin a sauke shayi na uku an yi zaman da ya ishi karanta babi guda da tattauna shi. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, suna haɗuwa kowane mako da shugaba da ka'idar magana da tarar makara. Wanda ya iya tafiyar da asusu ya iya tafiyar da hira. Daga girbi zuwa faɗuwar ruwa kuma akwai watannin rani masu dogon dare ga waɗanda ba su tafi cin rani ba.

Littafin ma ya canza gida. Yau yawancin labaran Hausa a waya ake karanta su, ta WhatsApp da Facebook, ko a saurare su da murya. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 tana fitar da gajerun labaran mata waɗanda za a iya gamawa a zama ɗaya. Sai dai waya ta zo da wani sauyi: yau sau da yawa Bahaushe yana karanta labari shi kaɗai, cikin duhu, ba wanda zai tambaye shi me ya fahimta. Yarinyar 1995 tana karantawa ne gaban gwaggonta, kuma gwaggo tana da bakin cewa wannan ƙarya ne, aure ba haka yake ba. Ta yau ba ta da wannan gwaggo. Masu kiran a hana waya suna maimaita kuskuren 2007 ne. Abin da aka rasa shi ne zaman, shi ya kamata a dawo da shi.

Wannan kaya a kan malaman makaranta ya fi nauyi, domin tun daga Katsina ta 1933 zuwa kulob ɗin rediyo na 1962 su ne a tsakiyar da'irar. An horar da mu mu tsaya gaban allo mu faɗa a rubuta. Zaman littafi yana neman akasin haka: a sauko kan tabarma, a yi tambaya, a jure shirun da ke biyo baya har wani ya yi ƙarfin halin fasa shi. Harshen da doka ta kira na ƙasa zai zama na ƙasa da gaske ne ranar da manomi da ɗaliba da mai shayi za su iya zama su yi gardama mai hujja a kan abin da aka rubuta da shi. Allah ya ba mu jagororin da suka san lokacin yin shiru.